Yaya, Ga Labarin Cimar Ummi a Birmingham

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ya mai jiki Umma? Kin tambaye ni me za ku tanadar wa Ummi idan mun zo babbar sallah, kuma wai wace irin cuta ce take hana yaro cin burodi. Bari in warware miki zare da abawa.

Sunan cutar siliyak. Akwai wani sinadari, gulutin, a cikin alkama da sha'ir da wani ɗan uwansu da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Mai wannan cuta idan ya ci, garkuwar jikinsa sai ta far wa hanjinsa, abinci ya daina ratsa jiki. Shi ya sa yarinyar nan take ci kamar gara amma tana ramewa, ga kumburin ciki, ga ƙarancin jini. Nan sun ce kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita. Sai da aka gwada jininta aka gano, kuma likita ya ja kunnena kada in hana ta burodi kafin a gama gwaji, don sakamakon zai fito ba daidai ba. Ba ta da magani sai ƙauracewa, har ƙarshen rayuwa.

Gaskiya ta fuskar rubutun jikin kaya, mutanen nan sun yi nisa. Doka ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, waɗanda dole a nuna su ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi, alkama da sha'ir suna ciki, galibi da baƙi mai kauri. Ba a yarda a rubuta cewa abu ba shi da gulutin ba sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Ƙungiyar masu cutar, Coeliac UK, tana da tambarin zangarniya da aka ja wa layi, ko ban karanta komai ba ina gani na ɗauka. Manyan kantuna irin su Tesco, Asda, Sainsbury's, kowanne yana da layi guda na irin waɗannan kaya. Tun 2021 ma har abincin da aka naɗe a cikin shago sai an manna masa takardar abin da ke ciki.

To amma kuɗin, Yaya! Burodin kowa da kowa ba ya kai fam ɗaya, nata kuwa ɗan mitsitsi, sai fam uku ko fiye. Ga shi yana marmashewa a hannu kamar busasshen dambu, sai an gasa yake ciwuwa. A wasu yankuna likita yana rubuta burodi da gari a karɓa a kantin magani, wasu yankunan an soke. Taliyarsu ta masara da shinkafa ba laifi, in dai ba ki bari ta dahu da yawa ba.

Wata biyu ina ta wannan ɓarnar kuɗi kafin na farga ashe tuwon gidanmu shi ne maganin. Masara, dawa, gero, shinkafa, rogo, doya, wake, gyaɗa, babu gulutin ko ɗaya. Acha da muke rainawa, nan a 'yar leda ake sayar da ita kamar zinariya. A shagunan 'yan Pakistan na Alum Rock nake samun garin dawa da na gero, suna ce musu jowar da bajra, sai dai ina juya leda in duba, don wasu a inda ake niƙa alkama ake niƙa su. Yanzu tuwon shinkafa da miyar kuka, alale, kunun gyaɗa, waina, su take ci, har kumatu sun dawo.

Abin sha ne ya fi ba ni mamaki. Na ɗauka ruwa-ruwa ba shi da matsala, ashe Milo, Ovaltine da Horlicks duk da tsiron sha'ir ake yin su, haka lemukan malt da muke ba baƙi. Ranar da na ɗauke gwangwanin Milo daga kicin sai da ta yi kuka. Zoɓo, kunun aya, fura da nono, shayi da madara duk ta sha.

Tsorona a gida ba abincin ba ne, hannun da ya bi. Nan takarda ce take faɗa miki gaskiya, can kuwa sai dai ki tambayi mai tuya, ita ma ba ta san akwai abin tambaya ba. Injin niƙan unguwa yanzu ya gama da alkamar wata, sai a zuba masararki. Mai ƙosai a mai ɗaya take soya fanke. Ɗanwake yanzu rabinsa fulawa, wasu ma har a ƙullun waina suna barbaɗawa don ta yi laushi. Ɗan kaɗan ɗin nan ya isa ya kwantar da ita.

Don haka ki sa a surfa mata masara da gero a daka a turmi, ko a wanke injin markaɗe tas. A ware mata tukunya, muciya da rariya. Ban da semo, indomi, kuskus, gurasa, funkaso, alkaki da cincin. Ɗunƙulen magi kuma ki duba bayan kwali, wasu da garin alkama a ciki, in kin yi shakka daddawa ta wadatar. Burodinta da biskit zan zo da su a jaka.

Sai ki taya ni yi wa Umma bayani tun yanzu, don na san ta, ba za ta iya ganin takwararta tana kallon alkaki ta hana ta ba. Ki gaida mutanen gida da yara duka.