Ƙasa ko sama: wanne za a kama a benen da ba shi da lifta?

Masu neman haya a Gombe suna yawan tambaya: a bene mai hawa uku, ƙasa ya fi ko can sama?

A fara da ruwa, don nan ne wahalar take. Tankin yana kan rufi, kuma ƙarfin famfo ya dogara da tazarar da ke tsakaninsa da tankin, shi ya sa na sama ke samun ruwa tsirit-tsirit, na ƙasa kuwa ya zubo da ƙarfi. Ranar da aka ɗauke wuta ba a tura ruwa ba, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kuma kowane hawa matakala kusan ashirin ne. Mai ruwa zai ƙara kuɗi ko ya ƙi hawa. Haka tukunyar gas da buhun shinkafa.

Zafi kuma, a Maris da Afrilu kwano da rufin siminti suna shan rana wuni guda, su sauke ta kan na sama da dare. Amma ya fi samun iska, da sauƙin sauro da hayaniya.

Na ƙasa damina ce matsalarsa. Duba gindin bango: fenti mai ɓarewa alamar danshi ce, kuma idan sokawe ya cika, banɗakinsa ne ke fara amayarwa. Tagogi kuma sai da ƙarfe mai kauri saboda ɓarayi.

Mai tsohuwa a gida, ko mai ciwon gwiwa, ko ƙananan yara, ya kama ƙasa. Matashi ko sabbin aure masu son sirri, sama ta fi musu, in dai ruwan gidan tsayayye ne.