Riyad, Nis ko Kolon: inda mai son gasar gem zai kai kuɗinsa in zai tafi shi kaɗai

Wanda ya daɗe yana kallon gasar Tekken ko EA Sports FC ta waya a Garwa ko Marwa, hoto na tsayawa yana tafiya, ran da ya tara kuɗin zuwa ya gani da ido yakan fara da tambayar wace gasa ce ta fi girma. Ɗan'uwa, ajiye wannan tukuna. Fara da wace ƙasa ce za ta buɗe wa fasfon Kamaru ko na Cadi ƙofa, kuma nawa za ka yi asara in ta ƙi.

Amurka dai a cire ta tun yanzu. EVO ta Las Vegas ita ce uwar gasannin gem na faɗa, amma kuɗin neman biza dala 185 ne da ba a mayarwa, kuma tun watan Yunin 2025 Cadi ta shiga jerin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa. Gamescom ta birnin Kolon a Jamus, wadda ake yi a watan Agusta, baje koli ce ta kamfanoni, ka biya kuɗi ka tsaya layi don taɓa gem na minti goma. EVO ta Faransa da aka fara a birnin Nis a Oktoban 2025 ta fi su jan hankali, ga Faransanci a bakinka, ga soket irin na gida. Sai dai ita da Kolon duk bizar Shengen ce: yuro 90, wajen sefa 59,000 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani har na yuro 30,000, da takardun banki. Saurayi marar aure marar albashi da ya ce kallon gem zai je, sai ya yi da gaske kafin a yarda zai dawo.

Saura Riyad, kuma nan ne kuɗi ya fi yin aiki. Gasar gem ta duniya, wato Esports World Cup, ta fara a 2024, ta gaji wadda ake kira Gamers8, a 2024 da 2025 an yi ta wajen mako bakwai zuwa takwas daga Yuli zuwa ƙarshen Agusta a Boulevard City da ke Riyad. Kyautar 2024 ta haura dala miliyan 60, ta 2025 ta haura miliyan 70, kuma Team Falcons ta Saudiyya ce ta ɗauki kambun ƙungiyoyi duka shekarun biyu. Girman kyautar ba ruwan ɗan kallo. Abin da ya shafe ka shi ne gasanni da yawa a wuri guda: Tekken 8, Street Fighter 6, EA Sports FC, PUBG Mobile, Free Fire, Mobile Legends, Dota 2, har da dara ta Turawa da Magnus Carlsen ya ci a 2025. Tikitin jirgi ɗaya zai iya ba ka ƙarshen gasa biyu ko uku in ka daidaita kwanakin. Kowane gem da makonsa, saboda haka ka duba jadawalin shekarar da kuma garin da aka sanar kafin ka biya ko sisi, kada ka sauka ana gama naka jiya.

Ga kuma abin da mai tafiya shi kaɗai yake sanin darajarsa sai ya isa. Ba ka tambayar mene ne a cikin miya, masallaci na kusa duk inda ka juya, mutumin Njamena ko Kusiri da Larabcin Shuwa zai yi ciniki da mai taksi ko da za a ɗan yi masa dariya. Zafin Yuli yana wuce digiri 40, wanda ya sha watan Afrilu a Kusiri ba zai ga baƙo ba. Sanyin na'ura a cikin zaure ne ma zai ba ka mura, ka sa rigar sanyi mara nauyi a jaka. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a ƙarshen 2024, ga Uber ga Careem. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Aibin Riyad ɗaya: Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙasashen da ake bai wa biza ta intanet kai tsaye, sai ta hanyar ofishin jakadanci a Yawunde ko Njamena. Ka ba kanka wata uku. Fasfo ne farko, na Kamaru sefa 110,000 ne, kuma ya kasance da sauran wata shida aƙalla ranar shiga. Sai katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Sai biza. Tikitin da ba a canzawa shi ne na ƙarshe.

Hanya kuwa biyu ce. Mutumin Ngaundare jirgin ƙasan dare zai bi zuwa Yawunde ya tashi daga can. Na Kusiri ko Marwa ya fi sauƙi ya haye gadar Ngeli ya tashi daga Njamena, ta Addis Ababa da Ethiopian ko ta Alƙahira da EgyptAir, amma ya tabbata an buga masa hatimin fita a fasfo a kan iyaka, kada ya wuce a kan babur kamar mai zuwa kasuwa. Kowacce ka zaɓa, tikiti ɗaya za ka saya daga farko har Riyad. Raba shi biyu yakan zo da ɗan rangwame, amma in jirgin farko ya makara na biyu ya tafi da kuɗinka, kuma ɗauko jaka a tsakiyar hanya na iya buƙatar bizar ƙasar da ka yada zango.

To a nan 'yan ajans masu sayar da tikitin jirgi suke cin kasuwarsu, kuma nan ya kamata ka fi buɗe ido. Akwai bambanci tsakanin riƙe kujera da tikiti da aka fitar. Riƙe kujera takarda ce mai sunanka da lambar haruffa shida, tana da kyau a ido, amma in ba a biya ba sai ta faɗi bayan 'yan kwanaki. Tikiti na gaske yana da lamba 13. Na Ethiopian yana farawa da 071, na EgyptAir da 077, na Turkish da 235. Ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka sa lambar haruffa shidan da sunan mahaifinka kamar yadda yake a fasfo, ka ga lambar 13 ɗin da idonka kafin ka cika kuɗi. Ka sake dubawa ana saura kwana biyu, don akwai masu fitar da tikiti su soke shi bayan ka bar ofis. In mai ajans ya ce "Alhaji, kada ka damu, sistem ne bai tashi ba", kuɗinka ya zauna a aljihunka har ya tashi.

Biza ma haka. Takardar da aka turo ta WhatsApp ba hujja ba ce, yaro mai kwamfuta zai haɗa irinta kafin shayi ya huce. Ana duba ta a shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya da lambar fasfo. Ka karanta irin bizar da kanka, don wasu za su ba ka ta aiki ko ta ziyarar wani dangi da ba ka taɓa gani ba, su ce duk ɗaya ne. Wanda kuma ya fara ce maka in ka isa sai ka ɓuya ka nemi aiki, tashi ka bar wurin. Ƙarshenta tara ce da kora da hana shiga na shekaru, har Umara ta gagare ka. Katin shawara na saye ba tare da allura ba shi ma wauta ce, tunda allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa. Tikitin shiga gasa kuwa ta manhajar webook aka sayar da shi. Hoton lambar da wani ya ɗauka ya sayar maka a Telegram, ya sayar wa mutum biyar, wanda ya riga isa ƙofa shi ne mai shi.

Kaya ba su da yawa. Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, cajar ƙafa biyu ta gida tana buƙatar adafta, ka sayi biyu. Fawa banki kuwa 20,000mAh ne zaɓi, don ƙarfinsa wajen 74Wh ne, ƙasa da iyakar 100Wh da ake bari a jirgi. Mai 30,000 ya kai 111Wh, sai da izinin kamfani. A jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma in rubutun jikinsa ya goge za a iya karɓe shi. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma yana da nauyin sabulu, ƙarya ce a jikinsa. Wani kuma an cika shi da yashi don ya yi nauyi. Gwaji ɗaya ne: cika shi, ka ga ko zai cika waya mai batirin 5,000 sau biyu da rabi. In za ka shiga gasar neman gurbi, tafi da manet ɗinka, wato abin buga gem na hannu, da wayar USB-C biyu, kuma ka sani manet ɗin PS4 ba ya buga gem ɗin PS5.

Sefarmu ta BEAC ba ta canzuwa a Riyad, ka canza dala tun daga gida, sababbin takardun ɗari masu shuɗin zare, tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce ba ta motsi. Katin banki ka je da ƙafarka ka sa a buɗe shi don amfani a waje, ka gwada shi da ƙaramar sayayya kafin tafiya, kuma raba kuɗin gida biyu tunda ba ka da abokin da zai ranta maka. Layin STC, Mobily ko Zain a filin jirgin Sarki Khalid za ka saya da fasfo. Amma kada ka cire layin MTN, Orange, Airtel ko Moov ka jefa a ƙasan jaka: da zarar asusun PlayStation ko na banki ya ga ka shiga daga wata ƙasa, lambar tabbaci zai turo wa tsohon layin. Ka kunna masa karɓar saƙo a waje tun kana gida, ka kuma rubuta lambobin ceto na asusun a takarda ka sa cikin fasfo.