Cire kafasita ko canza lasifika: amsa ga mai Deluxe Reverb

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin hanyoyi biyun da ka ambata na rage kaifin sautin Deluxe Reverb, amfilifayar jitarka mai bawul (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti), wato cire ƙaramar kafasitar da ke kan boliyam ko sayen sabuwar lasifika, shawarata ita ce ka fara da kafasitar, ka bar kuɗinka a aljihu tukuna.

Deluxe Reverb irin taka an gina ta ne bisa tsohon tsarin kamfanin Fender mai suna AB763 na shekarun 1960, mai ƙarfin wat 22 da bawul biyu na fitar da sauti samfurin 6V6. Tana da tashoshi biyu na jona jita, Normal da Vibrato. A tashar Vibrato, wadda kusan kowa ke amfani da ita saboda a nan ake samun amon rebab, wato amsa-kuwwar sauti, akwai kafasita mai fikofarad 47 da aka liƙa a kan boliyam, kuma ba a yi mata makunni ba, saɓanin Twin Reverb wadda ke da makunnin Bright da mutum zai iya kashewa. Aikin wannan kafasita shi ne ta buɗe wa siraran sautuka hanya su tsallake boliyam, ko da an rage shi. Saboda haka idan kana kiɗa a lamba 2 ko 3, kauri da tsakiyar sautin suna raguwa, amma tirebul yana wucewa kusan da ƙarfinsa, shi ya sa kake jin yana sokar kunne. Yayin da kake ƙara boliyam tasirinta yana raguwa, idan ka kai ƙarshe kuwa ba ta da sauran aiki. Wanda ke kiɗa a babban dandali da boliyam a lamba 6 ko 7 bai cika kuka da ita ba, mu masu kiɗa a ɗaki ko a ƙaramin zaure ne take damu, musamman idan muka haɗa da fedal mai dakusar da sauti.

Ina da irin wannan amfilifaya, kuma jitata mai siraran maganaɗisun ɗaukar sauti ce irin na jitar Stratocaster. Na kai amfilifayar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda ya koyi sana'arsa tun zamanin da rediyo da talabijin ke aiki da bawul. Ya ƙi yarda ya yanke kafasitar, sai ya narkar da dalmar ƙafarta ɗaya, ya ɗaga ta, ya rufe ta da roba, ya ce duk ranar da na yi kewar tsohon sautin in dawo ya mayar mini. Da muka kunna ta a shagonsa, na ji sautin ya cika, ya yi taushi, kuma fedal ɗin da nake shirin sayarwa saboda ƙarar da take yi kamar ana soya mai ta koma mai daɗin ji. A gwajin da muka yi bayan haka, abokina mai ganga, wanda bai san an taɓa komai ba, ya tambaye ni ko na canza jita ne. Har yau ban nemi a mayar da ita ba. Abin da kawai ya canza shi ne makunnin tirebul, wanda a da nake dannewa zuwa 3, yanzu yana zama a 6, kuma idan jitarka mai kaurin sauti ce za ka bukaci ɗaga shi fiye da haka. Fender ma, a Tone Master Deluxe Reverb samfurin Blonde wadda ba ta da bawul, ta fito da sautin ne ba tare da tasirin wannan kafasita ba.

Lasifika kuwa na saya tun kafin wannan gyara, da tsadar dala da kuɗin dako, kuma kaifin bai tafi ba sai dai ya ɗan canza launi. Ba zan ce ba ta da amfani ba ga wanda matsalarsa ke tsananta idan ya ƙara boliyam.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai gwajin da za ka yi da kanka. Ka sa jitarka a tashar Normal, wadda ba ta da wannan kafasita, ka saurara a lamba 3, sannan ka koma Vibrato a lamba 3 ɗin dai da saitin tirebul da bes iri ɗaya. Tashoshin biyu suna da wasu bambance-bambancen, amma idan Normal ta kwantar maka da kunne, to ka san inda matsalar take. Idan kuwa dukansu suna suka, ko kuma sukar tana zuwa ne kawai lokacin da ka tsaya daidai gaban lasifikar, sai a yi maganar canji. Ko a nan ma ka tuna cewa lasifikar Jensen C12K da ke zuwa da sabon samfurin '65 Deluxe Reverb mai wat 100 ce, kuma sabuwar lasifika takan yi laushi bayan an daɗe ana kiɗa da ita. Idan za ka canza, ka nemi mai inci 12 da om 8, wadda ƙarfinta ya wuce wat 22, kuma kada ka taɓa kunna amfilifaya mai bawul ba tare da lasifika a jone ba, domin hakan yana iya ƙona tiransifomar fitar da sauti.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayar da kayan kiɗa na hannu. Da zarar ka ce sautinka yana da kaifi, za su ce bawul ɗinka ne suka gaji, su fito maka da tsofaffin da aka goge aka buga musu sunan RCA ko Mullard, su rantse cewa ba a taɓa amfani da su ba. Haka kuma akwai lasifikun da suka ƙone aka sake naɗa su a bayan shago, aka manna musu takardar babban kamfani. Ka je da mitar auna om ka auna, domin lasifika mai om 8 takan nuna tsakanin 6 da 7, sannan ka danna faifan takardar da ke gabanta mai fitar da sauti a hankali ka ji ko tana gogar wani abu a ciki. Duk wanda ya ƙi yarda a gwada kayansa a gabanka, ka bar masa abinsa.

Ka cire kafasitar, amma ba da hannunka ba idan ba ka saba ba, domin manyan kafasitocin da ke cikin wannan amfilifaya suna iya riƙe wutar da ta haura bolt 400 ko bayan an zare ta daga soket, kuma wannan wuta tana kisa. Ka nemi mai gyaran da ya san yadda ake zubar da wutar, ka ba shi taswirar amfilifayar don kada ya taɓa wata kafasitar daban, ka kuma ce masa ƙafa ɗaya kawai zai ɗaga.