Kwas ɗin Bash a Garwa: ilimi na samu, hotunan auren mutane suka salwanta

Wanda ke Garwa ta Kamaru ya san cibiyar koyon kwamfutar da nake nufi, ya kuma san kuɗin da suke karɓa, ba ƙaramin sefa ba ne ga mai shagon fotokwafi irina. Na shiga kwas ɗinsu na Bash ne, wato yaren ba kwamfuta umarni a rubuce, don na gaji da jera takardun kwastomomi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Gaskiya a faɗe ta, malamin ya san aikinsa. Da Faransanci yake koyarwa, in ya ga mun yi shiru ya koma Fulatanci. Shi ya nuna mana inda alamomi suke ɓuya a madannai irin na Faransa da muke amfani da su nan, AltGr da 6 don sandar |, AltGr da 3 don #, abin da bidiyoyin Amurkawa ba sa ma ambata. Ya koya mana fara rubutu da #!/bin/bash, da chmod +x, umarnin ba rubutun izinin aiki, kafin a kunna shi, da cewa ba a barin sarari kusa da alamar = in ana ajiye suna. Ranar da layi huɗu na for, umarnin maimaita aiki, suka sauya mini sunan fayiloli cike da folda kafin ƙiftawar ido, na yi murna sosai. Bash ɗin da Brian Fox ya rubuta tun 1989, ga shi yana yi mini aiki a shago!

Sai ranar darasin share tarkace. Ya rubuta layi biyu a allo: cd $wuri, ƙasansa rm -rf *, wato na farko ya shiga foldar da aka ajiye sunanta a $wuri, na biyu ya share duk abin da ya tarar. Ya ce kowa ya gwada a filash ɗinsa, wai mu ga aikin a zahiri. Na ce, “Malam, akwai aikin mutane a ciki fa.” Ya ce ba komai, foldar da na zaɓa kaɗai zai taɓa. Foldar tawa sunanta “Tsoffin Takardu”, akwai sarari a tsakiya. Da yake bai sa $wuri cikin alamar zance ba, Bash ya ɗauki sunan a matsayin abu biyu, cd ya ƙi shiga, layi na biyu kuwa bai tsaya tambaya ba, ya share duk abin da ke inda nake tsaye, wato bakin filash ɗin gaba ɗaya. Kuma rm ba ya kai kaya kwandon shara. Hotunan auren ’yar wata Hajiya da aka kawo in wanke, takardun neman aikin wasu samari, duk babu. Innalillahi! Gumi ya keto mini, ga zafin Garwa, ga fanka a tsaye.

Abin da ya fi ƙona mini rai amsarsa: wai haka ake koyo. Da ya rubuta cd "$wuri" || exit, wato in shigar ta ƙi a tsaya nan, da babu abin da zai faru. Ya san haka, domin nan take ya goge allon ya gyara, amma ko “yi haƙuri” bai ce ba.

Wani yaro ɗan aji ne, Allah ya yi masa albarka, ya sa mini PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka share. Hotuna da yawa sun dawo, sai dai babu sunayensu, lambobi kawai, wasu kuma rabi ne. Na kwana ina tantancewa. Shi ya nuna mini ShellCheck mai duba kurakuran rubutun Bash, wanda da an liƙa masa rubutun malamin sai ya yi gargaɗi a kan wannan kuskuren daidai, da Termux, manhajar yin Bash, da nake gwaji da shi yanzu a waya in an ɗauke wuta.

Zan ce a je? Da farko na yi niyyar cewa e, don yau ina da ɗan rubutun da ke kwafe aikin shago zuwa wani faifai kowace yamma, kuma a can na samo tushensa. In za ka je, tafi da filash wanda babu komai a ciki, ka sa echo, umarnin nuna rubutu kawai, gaban duk wani rm ka ga abin da zai share tukuna. Amma da na tuna tsayuwata gaban Hajiya ina bayanin inda hotunan kamu suka shiga, sai in ji ba zan iya tura ƙanina wurin ba. Na nemi ko rabin kuɗina su mayar, har yau ana ce mini mai wurin ya yi tafiya Marwa.