Kafin ka sayi bindigar wasan harbi, dubi shurinta da murɗarta

Yawancin masu neman bindigar wasan harbi, tambayarsu ta farko ita ce gudun harsashi. Wannan tambaya ba ta da amfani sosai ga mai harbin takarda mai da'irorin maki. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: yaya bindigar take motsi daga lokacin da aka ja kunama zuwa lokacin da harsashi ya bar baki, kuma yaya take yafe wa hannun da bai riƙe ta iri ɗaya ba?

Motsin iri uku ne. Akwai shuri zuwa baya. Akwai ɗagawar baki, domin bututu yana sama da inda gindin bindiga ya tokare kafaɗa, sai shurin ya nemi juya ta sama. Na uku shi ne murɗa: a cikin bututu akwai zane mai karkace wanda ke juya harsashi, idan harsashin ya juya dama, bindigar sai ta nemi juyawa hagu. A bindigar .22 LR, wato mai ƙaramin harsashi da ake gasa da ita, zanen yakan yi zagaye ɗaya a cikin inci 16. Harsashinta mai nauyin giram 2.6, idan ya bi bututun santimita 66 a bindiga mai kilo 5, bindigar ta riga ta ja baya da kusan milimita 0.3 kafin ya fita. Ƙanƙanin abu ne a ido. Amma idan baki ya karkace da milimita 0.1 kacal a wannan bututu, a mita 50 kuskuren ya haura milimita 7, alhali faɗin da'irar maki goma milimita 10.4 ne. A harbin bindigar iska na mita 10 kuwa, maki goma ɗigo ne na rabin milimita.

Ba a hana wannan motsi, ana sa shi ya maimaita kansa ne. Idan yau ka danne ta da kafaɗa gobe ka sassauta, ramuka za su jeru sama da ƙasa. Idan kuncinka ya tura ƙota, ko yatsanka ya ja kunama a karkace, za su bazu gefe. Shi ya sa zaɓen bindiga zaɓe ne na yawan horon da za ta nema daga jikinka.

Bindigar iska mai sifirin ita ce aka fi samu, ita ce kuma mafi sauƙin kuɗi, ba ta buƙatar komai sai ƙwayar dalma. Ita ce kuma mafi wuyar sha'ani. Da ka ja kunama, fistin mai nauyi zai ruga gaba, bindiga ta yo baya, sannan ya daki iskar da ya matse, ta fizga gaba, sifirin kuma yana warwarewa yana murɗa ta. Kusan duk wannan yana faruwa ƙwayar tana cikin bututu. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi ba zai ga ramuka sun haɗu ba. Ana ɗora ta ne a buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta; kada a ɗora ta kai tsaye a kan katako ko bulo, domin za ta yi tsalle. Idan ita aljihunka ya kai, ɗauki mai matsakaicin ƙarfi kamar Weihrauch HW30, ko mai nauyi da bututu a kafe kamar HW97K ko Air Arms TX200. Waɗanda ake tallata su da gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa, mu dai ba ma ba mai koyo shawarar su ko kaɗan: shurinsu ya fi yawa, ɗanawa tana gajiyar da hannu, kuma suna koya wa mutum firgita kafin harbi, wadda ke da wuyar rabuwa. Shurin nan mai gaba da baya yana lalata madubin saiti da ba don irinta aka yi shi ba, yana kuma kwance kusoshin ƙota. Kada a harba ta babu ƙwaya a ciki. Kada kuma a ɗiga mata man inji ko na keken ɗinki a ɗakin iska, man yana kama wuta saboda matsi ya ƙone robar fistin.

Mai silindar gas a madadin sifirin ta rage murɗa da karkarwa, amma shurin gaba da baya yana nan.

Wadda ake cika wa iska a tulu, wato PCP, ita 'yan gasa ke riƙewa: Feinwerkbau 800, Walther LG400, Anschütz 9015. Kusan ba ta motsi, don haka kuskuren da ka gani a takarda naka ne, ka san abin da za ka gyara. Sai dai a Sakkwato a yi lissafin ɗawainiyarta tun kafin a biya. Tulun yana ɗaukar matsin bar 200, wasu 300, kuma famfon taya ko na mai faci ba ya kusantar wannan. Sai famfon hannu na musamman mai tace danshi. Wani zai ce maka a kai wa mai walda ya cika da iskar oksijin. Wannan ganganci ne da rai, domin oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo fashewa yake yi. Zafin Maris zuwa Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara matsin cikin tulu, saboda haka ba a barin ta a mota a rana. Ƙurar hunturu kuma tana cin ƙananan robobin toshe iska. A nemi na canji tare da bindigar. Idan ta hannu ce, duba kwanan watan da ke jikin tulu, domin masu ƙera na gasa shekara 10 suke ba shi.

Akwai ta tsakiya da mutane ke mantawa da ita, wadda ake matsa mata iska da hannu sau ɗaya a kowane harbi, kamar tsofaffin Feinwerkbau 601 da 603. Ba ta shuri, ba ta neman famfo ko tulu. Ga mai koyon mita 10 a garin da babu wurin cika iska, idan ya samu mai lafiyayyun robobi, muna ganin ta fi duk sauran dacewa.

Ita .22 LR ta mita 50 ce, sai filin harbi mai kariya a baya. Nauyi yana taimakonta, dokar gasa ma ta yarda har kilo 8, yayin da ta iska ke tsayawa a 5.5. A nan majanyin hannu, wato maɗaurin da ke haɗa bindiga da dantse, shi ne abin lura: idan matsinsa ya canza, inda harsashi ke sauka ya canza. Ƙotar katako tana motsewa da hunturu ta kumbura da damina, sai matsin kusoshi ya sauya. Ta alminiyam ko ta katako mai falle-falle ta fi zama lafiya. A kowace iri, nemi wadda ake iya ɗaga matokarin kunci da na kafaɗa.

Dokar makamai ta Najeriya ta sa har bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, don haka a fara da hedikwatar 'yan sandan jiha, a kuma saya wurin dillali mai rajista kawai.

Idan an ba ka damar gwaji, harba biyar da riƙo mai sauƙi, biyar da riƙo mai ƙarfi, da ƙwaya mai faffaɗan kai ta milimita 4.5 daga gwangwani ɗaya. Auna tazarar da ke tsakanin tarin ramukan biyu, ka kwatanta da ta bindiga ta gaba. Wadda tazararta ta fi ƙanƙanta ita za ka ɗauka.