Allurar ciwon gwiwa da baya: wacce ta cancanci kuɗinka?

Idan ciwon gwiwa, kafaɗa ko baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita kan kawo shawarar allura. Maganin kusan ɗaya ne ko'ina: mai kashe zafi irin lidocaine, a gauraya da sitiroyid mai sauke kumburi. Bambancin yana wajen yadda za a kai bakin allurar daidai inda ciwon yake.

Ni dai na fi yarda da wadda ake yi da na'urar sikanin, irin ta duba masu juna biyu. Za a shafa maka man nan mai sanyi, a ɗora kan na'urar, sai ga allurar a allo kamar farin zare, tana kauce wa jijiyar jini har ta isa gaɓa, ka ga maganin yana bazuwa. Babu radiyeshan, wato hasken hoton ƙashi da yawansa kan cutar, kuma da ƙafarka za ka koma gida. Ta dace da kafaɗa, ƙugu, wuyan hannu, da jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga gwiwa. In aka kashe jijiyar na 'yan awanni zafi ya ɗauke, an kama mai laifi ke nan, daga baya ana iya ƙona ta ta bakin allura, sauƙin kan kai wata shida zuwa shekara.

Aibin na'urar sikanin ɗaya ne, ba ta hango bayan ƙashi. Ciwon baya mai saukowa ƙafa sai na'urar hoton ƙashi mai nuna motsi, a fara tura ruwan rini don a tabbatar da wuri. Ta na'urar CT kuwa, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, ga tsada ga radiyeshan. Ta lalube da yatsa, ƙwararre kan dace a gwiwa, amma a ƙugu ko baya caca ce.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne masu "allurar sanyin ƙashi" a kemis. Wani ya riƙa yi wa gwaggona ita duk sati, tana ta sa masa albarka, har fuskarta ta cika tam, suganta ya hau. Ashe dexamethasone ce, wani nau'in sitiroyid. Sitiroyid kan ɗaga suga na kwanaki, yawan sa yana rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa likitoci ba su cika wuce uku ko huɗu a shekara a gaɓa ɗaya ba. Wasu kuma pentazocine, wani mai kashe zafi mai ƙarfi, suke ɗirka wa mutane, jiki ya saba, a wayi gari ba a iya kwana sai da ita.

Kwalbar ma abar dubawa ce. A 2012 gurɓataccen sitiroyid daga wani kamfani a jihar Massachusetts ta Amurka ya kwantar da mutum fiye da 700, akasari da allurar baya, sama da 60 suka rasu. Can ma ke nan. Ka ce a fasa kwalbar a gabanka, ka ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na'ura a kusurwar ɗaki ba shaida ba ce, akwai masu kunna ta don cika ido. Ka nemi a juyo maka allon.

Mai ciwon suga, mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, su faɗa tun kafin su hau gado. In kuma gaɓar ta yi ja, ta ɗau zafi, zazzaɓi ya biyo baya, a koma asibiti ranar, kada a jira gobe.