Amsar tambayarka kan katakon Turai

Yaya, barka da war haka. Ya kasuwa, ya jama'ar 'Yan Katako na Na'ibawa? Ka ce in duba maka ko shigo da katakon Suwidin zuwa Kano zai yi riba, tunda Allah ya sa abincina a injin yanka katako yake a Suwidin.

Itacensu iri biyu ne, fayin da sifurus, masu ganye kamar allura. Ba nauyi, ƙusa tana shiga ba gardama, ba irin iroko mai lanƙwasa wa kafinta ƙusa ba. Bishiya takan haura shekara 70 kafin a sare ta, kuma tun 1903 doka ta ce wanda ya sare sai ya maye gurbi. Mafi yawan abin da ake yankawa ƙasar waje yake tafiya. Ingila ce babbar mai saye, amma za ka yi mamakin yawan wanda jirgi ke saukewa a Iskandariyya ta Masar, da Aljeriya da Maroko da Saudiyya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne busarwa. Ba a sayar da ɗanyen katako. Daga bakin zarto sai ɗaki mai zafi da fankoki, a jera shi da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya kwana ya wuni har danshinsa ya sauko wajen kashi 18 cikin 100. Daga nan na'ura ta gwada ƙarfin kowane ɗaya, a buga masa hatimin matakin ƙarfinsa, galibi C24 in na gini ne. Tu-bai-fo ɗinsu milimita 45 ne da 95 bayan an goge. Zaro na ƙasa, zaro na tsakiya, ka sa tef, duk ɗaya. Kai ka san namu: tirela ta taso daga Kudu da afara ko obece yana zubar da ruwa, hunturu ya buso, ya kantare, ya tsage, mai gini ya dawo shago yana faɗa kamar kai ka murɗe shi.

Duk da haka, ni dai ban ba ka shawarar shigo da shi ba. A nan sanyi ya hana gara zama, shi ya sa suke gina gida sukutum da katako. A Kano, in ba wanda aka dura wa magani ba ne, wannan lallausan itace walima ce ga gara, shafa baƙin mai ba zai cece shi ba. Ga canji, ga kwastam, ga kuɗin tirela daga Apapa. Wa zai saya a wannan farashi?

Sannan kar ka ɗauka komai nasu ya fi. Ba ciniki, ba “a rage mana, Alhaji”, ba bashi sai kamfani mai takardu. Kafinta kuwa da awa ake biyansa, tsadarsa ta sa magidanci yake koyon buga ƙusa da kansa.

Kuɗin da ka ware, da ni ne, rumfa zan yi a bayan shago in riƙa jera kaya da sanduna a tsakani, su sha iska kafin a sayar. Turo min awon filin ta WhatsApp in zana maka yadda ake jerin. A gaida Hajiya da yara.